DARASI: Amanar Ruwa da Amanar Shari'a a Zamanin Bututun Mai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye arziki a cikinta, ya saukar da ruwa domin rayuwar bayinsa da dabbobinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani baƙo da ya sauka a ƙasarmu, wanda kakanninmu ba su san irinsa ba, wato bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem ya nufi teku. An aza tubalin aikinsa a Satumba 2019, aka ƙaddamar da shi a ranar 1 ga Nuwamba 2023, kuma jirgin ruwa na farko ya yi lodi a tashar Seme ta ƙasar Benin a Mayu 2024. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, an gina shi domin ɗaukar ganga 90,000 a kowace rana, kuma kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya yi aikin. Bututun ya ratsa jihohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, kafin ya ƙetare kogin Kwara a wajen Gaya.

Man fetur ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah, kuma muna fatan ƙasa ta ci moriyarsa. Amma mun riga mun ga alamun haɗarin da ke tare da shi. A Yuni 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun a yankin Tibiri. A cikin wannan wata kuma aka fasa shi a yankin Tesker, mai ya malala a daji. A Disamba na shekarar aka sake kai masa hari a yankin Gaya. Saboda haka tambayar da ya kamata kowane magidanci a Arewa ya yi wa kansa ita ce: idan wata rana mai ya shiga rijiyar garinmu ko fadamarmu, mene ne hukuncin Allah a kai, wa za mu kai wa ƙara, kuma da wace hujja? Wasu al'ummomi sun riga mu shiga wannan jarrabawa, kuma mai hankali yakan ɗauki izina daga abin da ya sami waninsa.

Matsayin ruwa a shari'a

Alƙur'ani mai girma ya sanar da mu a Suratul Anbiya'i, aya ta 30, cewa ruwa shi ne asalin kowane abu mai rai. A ƙarshen Suratul Mulki kuma Allah ya tunatar da bayinsa cewa idan ruwansu ya ƙafe cikin ƙasa babu mai iya mayar musu da shi sai shi. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin bawali a ruwa mai kwanciya. To, idan an hana mutum guda ya ɓata tafki da abin da bai cika moɗa ba, ina ga wanda ya tuttula guba a ruwan da gari guda yake sha?

Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san sharaɗin ruwan tsarki: kada launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu da ba a saba samunsa tare da shi ba, kuma a cikin misalan da malamin ya kawo har da mai da maiƙo. Ma'anar wannan a aikace ita ce rijiyar da ɗanyen mai ya jirkita ruwanta ba a alwala da ita, ba a wankan janaba, ba a yi wa mamaci wanka. Ke nan wanda ya gurɓata ruwan gari ya taɓa lafiyar mutane, ya taɓa dukiyarsu, ya taɓa ibadarsu.

Game da biyan ɓarna kuwa, malaman fiƙihu sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una ta Nawawi. Daga cikinsu akwai guda uku da suka shafe mu. Na ɗaya, wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ya yi ko da kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke lamuni. Na biyu, wanda ya aikata ɓarna da hannunsa shi ake fara kamawa kafin wanda ya zama sanadi. Na uku, sakaci yana jawo lamuni: malaman Malikiyya sun ba da misali da mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi a gaban shaidu, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa wani. Mu riƙe wannan misali da kyau, domin gargaɗi da kafa shaidu su ne suka ɗora masa nauyin.

Abin da ya faru a kurmin Ekwado

Ekwado ƙasa ce a Kudancin Amurka, gabashinta kurmi ne mai duhu da yawan ruwan sama da koguna, ɓangare na babban dajin Amazon. Kamfanin Texaco na Amurka ya sami mai a can a 1967, a wurin da ake kira Lago Agrio, ya yi ta haƙa tare da kamfanin gwamnatin ƙasar har zuwa 1990. Mazauna wurin, manoma da ƙabilun asali masu rayuwa da kamun kifi da farauta, sun yi kukan cewa an zubar da gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai a cikin ƙoramunsu, an kuma bar ɗaruruwan ramuka cike da dattin mai ba tare da an daɓe ƙasansu ba.

A 1993 aka shigar da ƙara a birnin New York da sunan mutane kimanin 30,000. Kamfanin ya yi shekaru yana jayayya cewa Amurka ba ita ce wurin wannan shari'a ba, a kai ta Ekwado, yana mai yabon kotunan ƙasar. Ana cikin haka ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Ekwado, ya kashe dalar Amurka miliyan 40 wajen share wasu ramuka, gwamnati ta ba shi takardar sallama a 1998. A 2001 kamfanin Chevron ya haɗiye Texaco, ya gaji rigimar. An sake buɗe shari'a a Lago Agrio a 2003, hukunci bai fito ba sai 2011, kuma a 2013 babbar kotun ƙasar ta tsayar da diyya a kan dalar Amurka biliyan 9 da rabi.

Chevron ya ƙi biya. Ya koma New York ya yi ƙarar lauyan mutanen, Steven Donziger, cewa da cin hanci da maguɗi aka samo hukuncin. A 2014 alƙali Lewis Kaplan ya amince da wannan zargi, kuma a 2018 wani kwamitin sasanci na ƙasa da ƙasa a birnin Hague ya ba kamfanin gaskiya a kan gwamnatin Ekwado. Sai dai babban mai shaidar kamfanin, wani tsohon alƙali mai suna Alberto Guerra, kamfanin ne ya kwashe shi da iyalinsa zuwa Amurka yana ba shi kuɗin wata-wata, kuma daga baya shi da bakinsa ya yarda cewa akwai ƙarya a cikin wasu maganganun da ya yi bisa rantsuwa. Shi kuwa lauyan, an tsare shi a gida tun Agusta 2019 bisa laifin raina kotu. Da ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ƙi ɗaukar zancen, sai alƙali ya naɗa lauyoyi masu zaman kansu, daga wani ofishi da ya taɓa yi wa Chevron aiki, su gurfanar da shi. Bai sami 'yanci ba sai Afrilu 2022, bayan kusan kwana dubu.

Ba mu da hurumin yanke wa ɓangarorin nan hukunci daga nesa. Allah ne masanin abin da zukata suka ɓoye. Abin da ya bayyana ga kowa shi ne kowane ɓangare ya zargi ɗan'uwansa da sayen alƙali ko sayen shaida, maganar gurɓatar ruwa ta koma maganar gurɓatar shari'a, kuma fiye da shekara 30 bayan shigar da ƙara ta farko, mutanen kurmin ba su karɓi wannan diyya ba.

Abin da ya faru kusa da mu

A kudancin Nijeriya, inda kogin Kwara ya rarrabu ya shiga teku, an sami mai a Oloibiri a 1956. Ƙasar Ogoni tana cikin wuraren da suka fi shan wahala. Marubucin nan Ken Saro-Wiwa ya jagoranci kukan jama'arsa, sai wata kotu ta musamman a zamanin mulkin soja ta yanke masa hukuncin kisa bisa tuhumar hannu a kisan wasu dattawa huɗu. Aka rataye shi tare da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba 1995. Wasu daga cikin masu shaida sun fito sun ce an ba su toshiyar baki ne suka yi shaidar. A 2009 kamfanin Shell ya biya iyalan dalar Amurka miliyan 15 da rabi a wani sulhu a New York, ba tare da ya amsa laifi ba.

A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta a Ogoni. A wani gari mai suna Ogale ta sami sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, a cikin ruwan rijiyoyin sha, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ta kuma ƙiyasta cewa gyaran ƙasar zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Amma akwai inda masu rauni suka yi nasara. Masuntan garin Bodo, waɗanda mai ya kashe musu kifi a 2008, sun kai ƙara London, kuma a 2015 Shell ya amince ya biya fam miliyan 55. Wasu manoma huɗu kuma sun shigar da ƙara a ƙasar Holan a 2008. Kamfanin ya kafa hujja da cewa ɓarayi ne suka fasa bututun, domin a dokar Nijeriya wannan yakan sauke masa nauyin diyya. A Janairu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce bai tabbatar da hakan ba a garuruwan Oruma da Goi, ta ɗora wa reshensa na Nijeriya alhakin. An ɗauki shekara 13, wasu daga cikin manoman sun rasu kafin ranar hukunci, 'ya'yansu suka ci gaba. A maƙwabciyarmu Cadi ma, gwamnati ta dakatar da aikin CNPC a 2013 saboda zubar da ɗanyen mai, aka ƙare da sulhu a 2014 a kan dalar Amurka miliyan 400. Wannan ya nuna cewa hukuma idan ta tsaya da hujja a hannu, babban kamfani ma yakan rusuna.

Ƙofofi huɗu da zalunci ke shiga shari'a

Idan muka duba waɗannan labarai za mu ga cewa mai ƙarfi ba kullum yake buƙatar miƙa wa alƙali jakar kuɗi ba. Akwai ƙofofi huɗu, kuma Musulunci ya toshe kowace.

Ta farko ita ce rashawa da kyauta. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta haɗa cin dukiyar mutane da ƙarya da kai dukiya ga mahukunta domin a danne haƙƙin wani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito la'anar mai ba da rashawa da mai karɓa. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkari, ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki da cin hancin alƙalai cikin alamomin mulkin zalunci. A zamaninmu gaisuwa ta sake kama: takan zo da sunan kujerar Makka, ko aiki ga ɗa, ko kwangila ga ƙane, ko gudummawar ginin masallaci.

Ta biyu ita ce sayen shaida. Shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai, da Annabi (S.A.W.) ya zo ambatonta yana kishingiɗe sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Ɓoye shaida ma zunubi ne, kamar yadda aya ta 283 a Suratul Baƙara ta bayyana. Malamanmu ba sa karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko wanda yake ci a hannun wanda yake yi wa shaida. Da an bi wannan ƙa'ida, da mai shaidar da ake biya albashi bai sami wurin tsayawa ba.

Ta uku ita ce jinkiri. Hadisi ya tabbata cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci ne. Kamfani ba ya tsufa, ba ya yunwa, yana da lauyoyi masu karɓar juna. Manomi kuwa damina ɗaya idan ta kuɓuce masa sai ya sayar da tunkiya, ta biyu ya sayar da gona. Mai ƙarfi ya san haka, shi ya sa yake ɗaga shari'a daga wannan kotu zuwa waccan, daga wannan ƙasa zuwa waccan, har mai ƙara ya gaji ya karɓi abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haƙƙinsa ba.

Ta huɗu ita ce fifikon iya magana da iya takarda. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja, a yanke masa bisa abin da aka ji, amma abin da ya karɓa ta haka yanki ne na wuta. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Sayyidina Umar, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, ya umarce shi da daidaita masu shari'a a zama da kallo, domin kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da tsammani. Daidaitawa a yau ta haɗa da a fassara wa manomi takardar Faransanci zuwa harshen da yake ji kafin a ce ya dangwala yatsa.

Wajibi ne mu ƙara da cewa waɗannan hukunce-hukunce sun hau kan wanda aka zalunta kamar yadda suka hau kan azzalumi. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta wajabta shaidar gaskiya ko da a kan kanmu da danginmu. Kamfani na baƙi ne ko na waɗanda ba Musulmi ba, wannan bai halatta a yi masa ƙarya ba. Wanda awakinsa uku suka mutu ya ce goma, ya ci haram, kuma ya ba abokin shari'a makamin da zai rushe da'awar gari baki ɗaya. Labarin Ekwado ya isa wa'azi: zargin maguɗi guda ya isa ya binne kukan mutum 30,000.

Halin da Arewa take ciki

Wani zai ce mu ba mu da kurmi, ba mu da koguna, me ya haɗa mu da Amazon? Amsa ita ce kurminmu yana ƙarƙashin ƙasa. Dallol Mawri, wannan tsohon kwari da ya ratso ta Matankari da Dogon Dutsi ya gangara ta Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gecheme ya nufi Gaya, shi ne rumbun ruwanmu. A wurare da yawa a cikinsa taku kaɗan ake haƙawa a tarar da ruwa, kuma ƙasar rairayi ce mai saurin tsotsewa. Wannan sauƙi da Allah ya yi mana, wanda ya ba mu garake da rogo da dankali da rake da mangwaro a lokacin rani, shi ne kuma rauninmu, domin abin da ya zuba a sama ba ya daɗewa bai kai ga ruwan ba. A kurmi ana ganin mai yana yawo a kan kogi. A ƙasa irin tamu yakan nutse a ɓoye, sai bayan watanni a ji wari a guga. Ga kuma makiyaya da ke bi ta burtalolinmu suna shayarwa a tafkuna da rijiyoyi.

Ba mu kawo wannan domin tuhumar wani kamfani ko wata hukuma da abin da ba mu gani ba. Mun kawo ne domin shiri, tun kafin a ce da mun sani. Ƙasarmu tana da dokoki da za a iya riƙewa: ƙa'idojin tsarin karkara na 1993 da suka kafa kwamitocin kula da filaye, da dokar kare muhalli ta 1998. Amma doka ba ta tashi da kanta ta je kotu, sai an sami masu ɗaukarta da gaskiya.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. Mu rubuta haƙƙoƙinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubutu da kafa shaidu ta sauka. Duk mai gona ko garka kusa da bututu ya nemi takardar shaidar mallaka daga kwamitin filaye, domin ranar biyan diyya wanda ba shi da takarda bakinsa gajere ne.

2. Mu san halin ruwanmu tun yana lafiya. Mai gari da kwamitin rijiya su roƙi ma'aikatan ruwa su auna ruwan rijiyoyin da ke kusa, a ajiye sakamakon da kwanan wata. Gardama mafi yawa a shari'o'in da muka ambata ita ce: yaushe ruwan ya ɓaci, kuma wa ya ɓata shi?

3. Wanda ya ga yoyo, ko ya ji warin mai, ko ya ga ciyawa ta ƙone a kan layin bututu, ya sanar da mai gari da hukuma nan take. A rubuta rana da sa'a, a kafa shaidu adalai, a ɗauki hoto da waya, a riƙe kwafin takardar da aka kai. Wannan shi ne gargaɗin mai katanga da muka ambata.

4. A nisanta yara da dabbobi daga wurin, a daina shan ruwan da ya jirkita. Kada kowa ya je ɗiba da jarka. Dukiyar ba tamu ba ce, kuma ba mu manta da mutane fiye da hamsin da suka ƙone a Yamai a Mayu 2019 wajen kwasar mai daga tankar da ta faɗi ba.

5. Fasa bututu haramun ne, ko da wace manufa aka yi shi, kuma yana cikin ɓarna a bayan ƙasa da Suratul A'arafi, aya ta 56, ta hana. Mai fasawa yakan gudu, garin da ke kusa ne ke shan gubar, kuma yakan ba mai bututu hujjar kuɓuta daga biya. Iyaye su ja kunnen matasa, kada a saye su da kuɗin babur.

6. Gari ya yi magana da murya ɗaya. A zaɓi wakilai a bainar jama'a, a sa makiyaya a ciki, a ji ta bakin mata domin su ne ke ɗibar ruwa, su ne ke fara ganin canjinsa. Kada wakili ya gana da ɓangaren da ake ƙara shi kaɗai. Kada a sa hannu a takardar yafewa sai an karanta ta a fili, an fahimci abin da aka yafe. Sulhu alheri ne, amma sulhun da aka yi cikin duhu da marar sani ba sunansa sulhu ba.

7. Sarakuna da masu gari da limamai su ji tsoron Allah game da kyauta. Idan kamfani zai gina wa gari rijiya ko makaranta, a yi a fili, a rubuta, kuma a bayyana cewa ba ta maye gurbin diyyar kowa ba. Kwamitin masallaci kada ya karɓi gudummawa daga wanda ke cikin shari'a da jama'arsa har sai an gama, domin bakin da ya ci ba ya iya faɗa. Kuɗin diyya kuwa amana ce. Kason maraya da na gwauruwa da na wanda ya tafi ci-rani a kai musu cikakke.

8. Ga 'ya'yanmu da Allah ya ba alƙalanci, ko aikin lauya, ko aikin awo da bincike, ko aiki a kamfanonin mai, muna tunatar da su hadisin da ya kasa alƙalai kashi uku, ɗaya kaɗai ya tsira, shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Injiniyan da ya rage adadin man da ya zuba a rahotonsa, da likitan da ya ɓoye sakamakon gwaji, duk masu shaida ne, kuma za a tambaye su.

Ya 'yan'uwa, Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi ga Musulmi, aka yi masa albishir da Aljanna. Mu ba a nemi mu sayi rijiya ba. An nemi mu tsare waɗanda muka gada, mu miƙa su ga jikokinmu ana iya sha ana iya alwala, mu kuma tsare harsunanmu da hannayenmu ranar da za a kira mu shaida. Muna roƙon limamai su karanta wannan darasi ga jama'a bayan sallar Magariba, musamman a garuruwan da bututun ya bi ta gonakinsu, a kuma tattauna yadda za a aiwatar da shi.

Allah ya tsare mana ruwanmu da gonakinmu da dabbobinmu. Allah ya sanya arzikin da ya fitar daga ƙasarmu ya zama alheri ga talaka da mai mulki. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayawa a kan gaskiya, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.